Daga Filin Olimfiya Zuwa Sansanin Gumel: Tarihin Kunya da Sutura a Wasannin Kirista

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, da an ambaci sutura da kunya sai hankali ya tafi kan Musulmi da hijabi. Mutane da yawa sun ɗauka Kirista ba ruwansa, abin da ya ga dama shi zai sa ya fita. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kusan shekara dubu biyu ke nan malaman Kirista na gardama a kan abin da ya kamata mai bi ya sa in zai yi gudu ko kokawa ko wanka, da kuma wanda ya halatta ya tsaya yana kallonsa. Gardamar ma ta girmi addinin kansa, domin a hannun Girkawa da Yahudawa Kiristocin farko suka tarar da ita.

Girkawa da Yahudawa, 776 zuwa 167 kafin Miladiyya

Al'adar Girkawa ta ce a shekara ta 776 kafin Miladiyya aka fara wasannin Olimfiya. Lissafi ne da wani masaninsu ya yi ɗaruruwan shekaru daga baya, saboda haka a matsayin abin da aka gada ake riƙe da shi. Abin da babu tantama a kansa shi ne maza tsirara suke gudu da kokawa da dambe, jiki shafe da man zaitun, kamar yadda zanen da ke jikin tukwanensu ya nuna har yau. Game da yadda aka faro, an ce wani mai gudu daga Megara, Orsifos, bantensa ne ya kwance yana tsakar tsere a shekara ta 720. Bai tsaya ɗauka ba, ya zo na ɗaya, daga nan kowa ya yar da nasa. Labari ne mai daɗi, amma masanin tarihinsu Tusididis, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, cewa ya yi mutanen Sparta suka fara, kuma a Olimfiya ba a daɗe da daina ɗaura bante ba kafin zamaninsa.

Su ma Girkawan suna da tasu iyakar. Wani matafiyi mai suna Fausaniyas ya rubuta a ƙarni na 2 Miladiyya cewa an haramta wa matan aure kallon wasannin, hukuncin wadda aka kama kuwa shi ne a jeho ta daga kan dutse. 'Yan mata suna da nasu tseren dabam, sanye da gajeriyar taguwa.

Rikici ya tashi ne da al'adar ta isa Urushalima. A wajen shekara ta 175 kafin Miladiyya, babban firist Yason, da goyon bayan sarki Antiyokus na Huɗu, ya gina gidan motsa jiki irin na Girkawa a birnin. Littattafan Makabiyawa, waɗanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika amma ba sa cikin na sauran ɗariku da yawa, sun ba da labarin samarin Yahudawa da suka riƙa ƙoƙarin ɓoye kaciyarsu don kada a yi musu dariya a fili, da firistocin da ke barin hidimar Haikali su ruga wajen wasa. Wannan na cikin abubuwan da suka hura wutar tawayen shekara ta 167. Daga Yahudawa Kiristanci ya fito, ya kuma fito da wannan ƙyamar tsiraici a jininsa.

Bulus da 'yan tsere, wajen shekara ta 50

Manzo Bulus ya zauna a Koranti kimanin shekara ɗaya da rabi, a wajen 50 zuwa 52, yana sana'arsa ta ɗinkin tanti. Kusa da birnin ake yin manyan wasannin Istimiya duk bayan shekara biyu. Ko ya taɓa zuwa kallo, babu rubutun da ya faɗa. Amma wasiƙunsa cike suke da misalan fili: mai tsere da ke hana kansa abubuwa don ya ci kambi, ɗan damben da ba ya naushin iska. Bai zagi wasan ba, aro ya yi daga gare shi. A wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa ya kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki. A wasiƙar farko zuwa ga Timoti, wadda ikilisiya ke danganta wa Bulus ko da yake masana da dama na zamani suna ganin almajiransa ne suka rubuta, an ce horar da jiki yana da ɗan amfani amma ibada ta fi shi, an kuma umarci mata su yi ado da kunya da kamunkai.

Waɗannan ayoyi 'yan kaɗan su ne jarin duk gardamar da ta biyo baya. Mai son wasa ya riƙe haikali da tsere, mai gudun wasa ya riƙe ƙarancin amfani da kunya.

Akwai kuma wani labari da bishop Ireniyos ya ce an ji daga bakin malaminsa Folikaf: wai Manzo Yahaya ya shiga gidan wankan jama'a a Afisa, ya hangi wani mai karkatacciyar koyarwa a ciki, sai ya fito a guje yana tsoron kada ginin ya rufta. Ruwaya ce, ba a tabbatar ba. Amma ta nuna cewa Kiristocin ƙarni na 2 ba su ga abin mamaki ba a ce manzo ya je gidan wanka.

Iskandariya da Kartaj, 200 zuwa 250

A Afirka aka fara zama a tsara dokokin dalla-dalla. A biranen Romawa gidan wanka shi ne majalisa: a can ake motsa jiki, a shafa mai, a yi ciniki, a yi gulma, a wasu wurare kuma maza da mata a haɗe. Ba Kirista kaɗai abin ya dama ba, don an ruwaito cewa sarakunan Roma irin su Hadiriyan da Markus Aureliyus sun hana cakuɗuwar.

Kilimantos na Iskandariya, a Masar, ya rubuta littafin tarbiyya a wajen shekara ta 200, inda ya bi rayuwar mai bi tun daga cin abinci da dariya har zuwa barci da takalmi. Ya yarda da wanka don tsabta da lafiya, ya hana don jin daɗi kawai, ya kuma caccaki matan masu kuɗi da ke tuɓewa a gaban bayinsu maza. A kan motsa jiki bai tsananta wa maza ba. Ya ce su yi kokawa in don gumi da lafiya ne, ban da neman suna. Su buga ƙwallo a rana, su yi tattaki, su riƙe fartanya, su ja ruwa, su faskara itace. Mata kuwa ya ce kada a hana su motsa jiki, sai dai ban da kokawa da tsere. Nasu shi ne kaɗi da saƙa da niƙa da girki da kai-kawon gida. Duk matar da ta tashi da asuba a ƙauyen Sule Tankarkar ta yi daka, ta ja guga, ta ɗauko itace, ta cika sharuɗɗan Kilimantos ba tare da ta taɓa jin sunansa ba. A nan ne raunin tsarin nasa yake: namiji ya samu wasa, mace ta samu ƙarin aiki.

A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, Tartuliyan ya fi zafi. Ya hana masu bi zuwa kallon wasanni gaba ɗaya, saboda an keɓe su ga gumaka kuma suna tada sha'awa da fushi. Bishop Sifiriyan, a wajen 249, ya gargaɗi budurwoyin da suka keɓe kansu ga Allah a kan shiga wankan haɗaka, ya ce ko da zuciyar yarinya tsarkakakkiya ce, idanun da ke kallonta fa?

A birnin ne kuma aka yi abin da ya fi zama a zukatan masu bi. A shekara ta 203 aka jefa wata matashiya 'yar babban gida, Fafetuwa, da wata baiwa, Filisita, cikin filin wasa saboda sun ƙi barin addininsu. Rubutun da ya adana labarin, wanda ake ganin na zamanin ne, ya ce da farko an tuɓe su an sa su cikin raga, sai 'yan kallo da kansu suka ji nauyi, aka mayar da su aka sa musu taguwa. Da saniyar da aka saki ta tunkuɗe Fafetuwa ta faɗi, abin da ta fara yi shi ne jan yagaggiyar rigarta ta rufe cinyarta, sannan ta nemi abin ɗaure gashi. Ko mai rubutun ya ƙawata wurin ko bai ƙawata ba, wannan hoto ne aka riƙa karanta wa 'yan mata a majami'u ɗaruruwan shekaru.

Duk da haka, tsoffin littattafan tsarin ibada sun nuna cewa a wancan zamani tuɓewa ake yi a shiga ruwan baftisma. Dabarar ita ce a raba: yara da farko, sai maza, sai mata, a wasu ƙasashe kuma mata masu hidima ne ke shafa wa mata mai. Jikin bai zama abin ƙyama ba. Idon da bai kamata ya gani ba shi ake tsarewa.

Bayan sarki ya karɓi addini, 313 zuwa 600

A 313 sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin addini, cikin ƙarni ɗaya kuma abin da ke nasiha ya fara zama doka. Taron bishop-bishop na Lawudikiya, a wajen 363, ya hana malaman ikilisiya da sauran masu bi maza yin wanka tare da mata. Sai da aka sake nanata dokar a wani taro a 692, alamar ba a bi ta yadda ake so ba.

Masu zuhudu suka ja abin har ƙurya. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, yana ganin budurwar da ta girma bai kamata ta yi wanka ba sam, don kada ta ga jikinta. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya fi sassauci: ya ba mata masu zaman zuhudu izinin zuwa gidan wanka sau ɗaya a wata, ko fiye in akwai ciwo, amma kada su kasa uku in za su tafi. Dokar zaman zuhudu ta Benedik ta wajen 530 ta ce marasa lafiya su yi wanka duk lokacin da ya kamata, masu lafiya, musamman samari, a jinkirta musu, kuma kowa ya kwana da rigarsa da ɗamararsa. Da wasu a Roma suka fara cewa wankan Lahadi haramun ne, Paparoma Giregori Babba, a wajen 600, ya ce in don buƙata ne babu laifi ko da Lahadi, in don holewa ne kuwa ko wace rana bai dace ba.

Sau da yawa ana cewa sarki Tiyodosiyus ne ya rufe wasannin Olimfiya a 393. Masana ba su samu wata doka tasa da ta ambaci wasannin da suna ba. Ya dai hana hadayun gumaka, kuɗin ɗaukar nauyi ya ja baya, wasannin suka mutu a hankali. A Antakiya an ci gaba da irinsu har wajen 520.

Ingila, 1618 zuwa 1930

Shekaru dubu da suka biyo baya ba su sauya tambayar sosai ba. A Ingila ta sake kunno kai da wata fuska, wato ranar wasa. A 1618 sarki Jemis na Ɗaya ya fitar da sanarwar halatta wasu wasanni bayan sujadar Lahadi, masu tsattsauran ra'ayi suka ƙi, a 1643 majalisa ta sa aka ƙone takardar a bainar jama'a. A ƙarni na 18, da likitoci suka fara tura mutane wanka a teku, sai aka ƙirƙiro ɗan ɗaki na katako mai ƙafafun amalanke, doki ya ja shi cikin ruwa, mace ta sauya kaya a ciki ta sauka ba wanda ya gan ta. A garin Margate, wani mabiyin ɗarikar Kweka mai suna Benjamin Beale ya ƙara masa rumfar zane a wajen 1750.

Babban juyi ya zo a ƙarni na 19. Masana'antu sun tara samari a birane, ga giya ga caca, malaman coci suka ga gara a gajiyar da su a fili. George Williams ya kafa ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a Landan a 1844. Marubuta irin su Charles Kingsley da Thomas Hughes suka yaɗa ra'ayin cewa ƙarfin jiki da jarumta ɓangare ne na ibada. A 1883 William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a Gilasgo, don ya ga fareti na ladabtar da yaran da makarantar Lahadi ta kasa riƙewa. A makarantar YMCA ta Springfield, a Amurka, James Naismith, wanda ya karanta ilimin tauhidi, ya rataya kwanduna biyu a Disamban 1891 ya ƙirƙiro ƙwallon kwando. A 1895 William Morgan, shi ma ma'aikacin YMCA, ya fito da ƙwallon raga. Duk yaron da ke buga waɗannan biyu a filin makarantar Lautai a Gumel, gadon wata ƙungiyar wa'azi yake bugawa.

Da mata suka ce su ma za su yi, sai tsohuwar tambaya ta dawo, aka kuma ba ta tsohuwar amsa: tela da katanga. A kwalejin mata ta Smith, a Amurka, an buga wasan ƙwallon kwando a Maris 1893, 'yan mata sanye da buje mai faɗi, an rufe ƙofa an hana maza shiga. A Ingila aka sassauta dokokin wasan ya zama ƙwallon da ake kira netbol, wanda ba a gudu da ƙwallo kuma ba a gogayya, aka ɗinka masa doguwar riga marar hannu da ake ɗorawa kan shat. Abin dariyar shi ne, a tafkunan ninƙaya na YMCA maza tsirara suke iyo har cikin shekarun 1960, da hujjar tsabtar ruwa, ba wanda ya ga saɓani tunda babu mace a wurin.

A 1924 ɗan tseren Sikotilan Eric Liddell, ɗan mishan, ya ƙi gudun mita 100 a gasar Olimfik ta Faris saboda zagayen farko ya faɗo Lahadi, ya koma mita 400 ya ci zinariya. Gajeren wandonsa bai dame shi ba, ranar ce ta dame shi. Mata kuwa wando da ido ne matsalarsu. A 1928, shekarar da aka fara barin su tsere a Olimfik, Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya nuna rashin amincewa da gasar 'yan mata a bainar jama'a a Roma. A wasiƙarsa kan ilimi ta Disamban 1929 ya ce a kula da kunyar 'yan mata a darasin motsa jiki, a Janairun 1930 kuma fadarsa ta umarci iyaye su hana 'ya'yansu mata shiga irin wannan gasa, in kuwa dole ce, su tabbatar da cikakkiyar sutura.

Ƙasar Hausa da Gumel, 1750 zuwa 1954

A daidai lokacin da Beale ke ɗinka rumfarsa, al'adar baka ta ce Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa suka kafa sarautar Gumel, a wajen 1750. Masarautar ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ta sha yaƙi da Haɗeja da Damagaram, a 1845 kuma ta tashi daga Tumbi ta dawo inda take yau. A 1903 Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa.

Ƙasar tana da nata tsarin jiki tun kafin nan. Da kaka samari ke fita kokawa da dambe, ƙirji a buɗe, daga su sai warki ko bante da layu, babu mai cewa sun yi rashin kunya. Yara maza na langa, 'yan mata na gaɗa a dandali da zanensu. Da yarinya ta yi aure, wasan ya ƙare. Tsallaken Maigatari, a Nijar, kokawa ta zama gasar ƙasa ta neman takobi tun 1975.

Mishan ba su samu shiga nan da wuri ba. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell, wanda Dokta Walter Miller ke ciki. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga, shugaban Turawan mulki, ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, gwamnati ta taƙaita wa'azi a masarautun Musulmi. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, a ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da aikin Wusasa, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sai a shekarun 1930 aikin jinyar kutare ya buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM ƙofa a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ta samu tashoshi a wurare irin su Roni da Garun Gabas, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Daga aikinta ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A ƙasar Gumel yawancin Kiristoci baƙi ne da aiki ya kawo: layin dogon da ya ratsa Gagarawa ya kai Nguru a 1930, cinikin gyaɗa, daga baya koyarwa da jinya da aikin ɗan sanda da kasuwar Alhamis ta Maigatari.

Saboda haka wasannin Turawa sun shigo masarautu ne ta makarantun gwamnati. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, 'ya'yan sarakuna da malamai suka koyi kurket da wasan Fives na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu, wasan da Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa. Ra'ayin su Kingsley ne, an cire masa wa'azi an bar gajeren wando.

Su kuwa Kiristocin Hausa, kunyar da suka gada ba su yar da ita a ƙofar majami'a ba. Turawan mishan masu tsanani sun yi ta ɗari-ɗari da kiɗa da rawa, amma Zumuntar Mata ta samo hanya. A ranar taronsu za a ga mata cikin anko, zani har idon sawu, riga mai hannu, kallabi ɗaure tam, ɗaya na dukan bakin tulu da tafi, sauran na takawa a jere suna rausaya, wasu da goyo. Sa'o'i ake yi ana wannan, gumi na zuba, babu dattijon coci da zai ɗaga gira. 'Yan Girls' Brigade ma da siket suke faretinsu.

Sansanin bautar ƙasa, 1973 zuwa 2025

A Wusasa Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai wa'azin mishan, ya yi suna a wasanni a makarantar da ake kira Barewa yau, har da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da dambe. Shi ne, bayan yaƙin basasa, ya kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC da doka ta 24 a ranar 22 ga Mayu 1973. Tsarin sansanin na soja ne. Mako uku, bigila tun kafin asuba, kowa ya fito fili da farar riga da farin gajeren wando da farin takalmi, ranar biki kuma kakin wando dogo da but, mace da namiji iri ɗaya.

Gumel ta san wannan da idonta. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 27 ga Agusta 1991, shekaru da dama a nan ake horar da masu yi wa ƙasa hidima, kafin gwamnatin Sule Lamido ta gina sansanin dindindin a Fanisau, kusa da Dutse, ta sa masa sunan Gowon. Mutanen gari sun saba ganin 'yan kofa, ɗaruruwan samari da 'yan mata daga kudu da tsakiyar ƙasa, cikin farare, suna rawar sanyi in zangon ya faɗo da hunturu. A kasuwar mami ta kowane sansani teloli ba sa hutawa, wannan a rage mata ƙugu, wancan a buɗa masa cinya. Musulmai mata da yawa sukan sa ƙaramin farin hijabi, su zura dogon wando a ƙarƙashin gajeren.

Matsalar ta fi tsanani ga 'yan wasu coci-coci masu koyarwar tsarki, irin su Deeper Life da Apostolic Faith, waɗanda suka daɗe suna fahimtar aya ta 5 a sura ta 22 ta Maimaitawar Shari'a, mai hana mace sa kayan namiji, a matsayin haramcin wando kowane iri. Kiristoci da yawa ba su yarda da wannan fassara ba, suna cewa wandon mata kayan mata ne. Amma ga wadda ta yarda, dogon wando ma bai warware mata komai ba, siket take nema.

A 2018 Sanata Emmanuel Bwacha na Taraba ya kawo ƙudurin gyara dokar hukumar don a ba da damar sutura bisa addini, majalisar dattawa ba ta amince ba. A Nuwamban 2019 aka sallami 'yan mata biyu daga sansanin Jihar Ebonyi saboda sun ƙi sa wando. Hujjar hukumar ita ce atisayen ya ƙunshi hawa igiya da tsallake katanga da rarrafe, siket zai fi tona asiri. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai matsala ce da allura da zare suka sha warwarewa tun 1893. A daidai wannan zamani duniya ma tana sassautowa: a 2014 masu dokokin ƙwallon ƙafa suka halatta rufe kai, a 2021 'yan wasan alkafura mata na Jamus suka fito gasar Olimfik ta Tokyo da kaya masu rufe ƙafa har idon sawu, a Yunin 2022 kuma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta tabbatar wa ɗalibai Musulmai 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

A Yunin 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a ƙarar wasu tsoffin 'yan bautar ƙasa biyu, Kiristoci mata. Ta ce hana su sa siket ya saɓa wa sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, mai kare 'yancin addini, ta umarci a ba su takardar shaidar kammala hidima, a kuma biya kowacce diyyar naira 500,000.

Ga shugabannin makarantu da iyayen yara a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, abin bai tsaya a Abuja ba. Duk shekara ana gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, duk shekara kuma akwai 'yan mata, Musulmai da Kiristoci, da ke komawa gindin bishiya su zauna saboda kayan da aka ce su sa ko taron mazan da ya kewaye fili. Kafin gasar bana, a kira iyaye mata a tambaye su kayan da suka yarda da shi, a kai wa tela samfurin siket mai faɗi da wando a ciki, a kuma ware wa 'yan matan nasu lokacin a fili tare da malama mace.